Gwajin da Aka Yi wa Dokokina Huɗu

Duk wanda ya ce maka ya san zafin Doha, ka tambaye shi yaushe ya zo. In ya ce bayan an hana aiki da tsakar rana ne, ka ba shi ruwa ya sha ka sallame shi, yaro ne. Ni Yussif, ɗan Aboabo ta Kumasi, na zo ƙasar nan tun Lusail tana fili, ba komai sai yashi da ƙadangaru. Na dasa dabino rana na tsaka a watan Agusta, ƙotar shebur tana ƙona ni ta cikin safar hannu. Ban taɓa faɗuwa ba. Ban taɓa kwana a asibiti ba. Aji ma ban taɓa shiga ba, baƙaƙen nan a jikin allunan hanya da buhunan taki na tsince su, saboda haka in rubutun ya karkace ka bar shi, ka bi maganar.

Waɗanda muka sauko daga jirgi ɗaya da su, ba ko ɗaya a nan. Wasu sun koma gida da ciwon ƙoda, wasu sun koma a akwati. Mashud, abokina tun muna tallan ƙosai a tashar mota, a akwati ya koma. Kusa da ni ya faɗi, bayan ya kwankwaɗi ruwan ƙanƙara yana haki. Likita ya ce zuciya ce. To, likita ya faɗi nasa. Ni dai na ga abin da ya sha.

Yanzu ina wani gandun shuke-shuke a Mesaimeer. Kafil ɗina, wato mutumin da takarduna suke hannunsa, ya ƙi sallamata duk da tsufa, don ya san in na tafi rabin itatuwansa za su bi ni. Ba na fita aikin waje kuma. Ina gadi, ina lura da ƙananan shuke-shuke, da asuba kuma in dama wa ma'aikata koko kafin bas ya kwashe su zuwa Lusail, inda suke dasa furanni a bakin tituna. Sun haura hamsin, yawancinsu 'ya'yan zango ne irina, wato unguwannin baƙi masu jin Hausa, daga Kumasi da Nima da Tamale. Suna ce mini Baba. Suna shan kokona. Amma da na buɗe baki na ce "a zamaninmu", sai ka ga kowa yana lalubar abin jin waƙa yana toshe kunne. Wai sun ji. Mutumin da ya ga abin da na gani, a ce an gama jinsa.

Ɗakina yana jikin injin ban ruwa. In bas ya tafi, ni da injin ne da jiragen sama. Nakan yi wa shuke-shuken magana, ban ɓoye ba. Sun fi samarin ladabi.

Abin da ya raya ni a ƙasar nan abu huɗu ne, kuma ni na gano su, ba wanda ya koya mini. A jiƙa rawani a naɗa kafin a shiga rana. A sa ɗan gishiri a kokon safe. Kada a sha ruwan ƙanƙara jiki na zafi, sai wanda ya huce a inuwa. A ajiye waya bayan isha'i a kwanta. Wanda ya riƙe waɗannan, rana sai dai ta gaishe shi ta wuce.

A farkon zafin bara kamfani ya kawo wata nas ta auna jinin ma'aikata. Ina tsaye ina yi wa Munzali faɗa, wani ɗan Nima mai taurin kai da ya kafa baki a kular ruwan sanyi, sai na ji murya a bayana, da Hausa tsantsa.

"Baba, ƙyale shi ya sha. Ruwan sanyi bai taɓa kashe kowa ba."

Na waiwaya. Wata 'yar siririya ce da farar riga, da ɗan gicciye a wuya.

Na ce, "'Yata, shekarunki nawa a garin nan?"

"Huɗu."

"Takalmin nan nawa ya girme ki."

Ta duba takalmin, ta ce, "Na yarda. Ya ma girmi babana."

Sunanta Jemimah, 'yar Zonkwa ce ta ƙasar Najeriya, tana aiki a wani asibiti, tana kuma ƙarin karatu ta kwamfuta. Da ta gama auna kowa ta zo ta auna ni, ta kalli agogon abin awon ta sake kallona. Jinina kamar na ɗan shekara talatin. Ba ta faɗi haka ba, amma na gani a idonta. Ta tambaye ni sirrin. Na gaya mata dokokina huɗu, da labarin Mashud, da labarin shekarar da aka yi guguwar da ta binne mana motar ruwa. Ba ta toshe kunne ba. Har tambaya take yi. Sai da direba ya yi ta danna oda yana cewa yalla, yalla, wato a yi sauri, sannan ta miƙe.

Ranar Alhamis da yamma sai ga ta ta dawo, da sikelin awon mutum a hammata.

Na fito mata da kujerar roba, wadda ba ta tsage ba, na zuba mata wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan namu. Ta ce makarantarsu ta ce kowa ya kawo bincike, ita kuma tana so ta bincika dokokina. Za a auna nauyin kowane ma'aikaci da safe kafin bas ya tashi, Osman foman ne zai yi wannan. Ita kuma ta riƙa zuwa duk Alhamis har wata huɗu, ta auna su da yamma in sun dawo. Abin da mutum ya rage tsakanin safe da yamma, ruwan jikinsa ne rana ta sha. Sannan kowa ya amsa a wayarsa ko ya bi kowace doka ko bai bi ba. Amsoshin makaranta suke tafiya kai tsaye, malaminta ya hana ta leƙa su sai an gama, wai kada zuciyarta ta ja ta gefe guda.

Na ce, "Wannan duk wahala ce. Ga ni zaune a gabanki. Auna ni kawai ki rubuta."

"Mutum ɗaya ba ya gwaduwa, Baba."

"Ni ba mutum ɗaya ba ne, ni goma ne."

"Ko ɗari ne kai. Sai an sami wanda za a jera ka da shi. Ina waɗanda kuka zo tare?"

Na ce mata ta ci abinci kada ya huce.

Da ta ci ta ce, "Bari in gaya maka yadda shari'ar take, don kada ka ce na yi maka rufa-rufa. Kwamfuta za ta fara ne da cewa dokokin nan huɗu duk ba sa yin komai. Ko ɗaya. Wannan shi ne zaton farko."

"Wato da ƙaryata ni za a fara."

"Haka ake yi wa kowa."

"Ni ba kowa ba ne. Wane marar kunya ne ya gina ta?"

Ta yi dariya har ta ƙware, na miƙa mata ruwan randa. Ta ce, "Saurara. Mutanen nan ba daidai suke rasa ruwa ba, wani da yawa, wani kaɗan. Wannan bambancin shi za a raba kashi biyu. Kashi ɗaya shi ne wanda dokokinka huɗu, in an haɗa su, suka iya bayyana dalilinsa. Ɗaya kashin shi ne ragowar da ba a san dalilinsa ba. Sai a ɗora su a ma'auni. In naka ya rinjayi ragowar sosai, fiye da abin da sa'a kawai za ta iya kawowa, sai a yi watsi da zaton farko. Sunan abin gwajin F."

"F ɗin wa?"

"F kawai."

"Ba shi da uba?"

"Yana da shi, ya mutu tuntuni. Abin da nake so ka gane, in an ci gwajin nan ba zai ce wace doka ce mai aiki ba. Zai ce dai a cikin huɗun akwai mai aiki, ko da ɗaya ce. Kamar miya ce. Kafin a tsaya gardamar ko daddawa ce ta yi daɗin ko barkono, sai an fara tabbatar da cewa abin da ke tukunyar ya fi ruwan zafi."

"Miyata ta fi ruwan zafi."

"To. In ta fi, malamina zai bar ni in dawo baɗi, in yi babban bincike, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan zai ci shekara, ko fiye."

"In ba ta fi ba fa?"

"Khalas, shi ke nan. Sai in nemi wani abin."

Ta faɗe shi tana suɗe cokali, kamar ba komai ba. Ni kuwa abin da na ji shi ne shekara guda ta Alhamis, ko fiye. Ba wai ina bukatar kowa ba ne. Na zauna shekaru ba mai zama a kujerar nan, ban mutu ba. Amma ilimi irin nawa bai kamata a ba shi wata huɗu kacal ba.

Bayan ta tafi na zauna na yi lissafi irin nawa. Samarin nan na san su. A cikinsu masu jiƙa rawani ba su kai rabi ba. Masu kwanciya da wuri kuwa sai dai wanda wayarsa ta lalace. Da waɗannan ragwayen za a je a kare sunana a gaban alƙalin da tun farko ya ce ni maƙaryaci ne? In ana so dokokina su nuna ƙarfinsu, ai sai a bi su. In mutum ashirin sun bi sun nuna ƙarfi, hamsin za su nuna ninkinsa. Wannan ko jaki ya sani.

Bayan an yi mako guda ana awo sai Juma'a ta zo, ranar da nake dafa babbar tukunyar wake da shinkafa, wadda ko masu toshe kunne ba sa wasa da ita. Da aka dawo daga masallaci suka yi layi da kwanoninsu, sai na zauna a kan murfin tukunyar.

Na ce, "Daga yau, wanda bai bi dokokina huɗu ba, ya je ya ci burodi da shayi."

Osman ya ce, "Baba, ai Sista cewa ta yi kowa ya yi yadda ya saba."

"Sista baƙuwarmu ce. Yarinya ta baro ƙasarsu tana neman takardar karatu, ta zo ƙofarmu. Ka taɓa ganin an zo zango neman abu an koma hannu wofi? Ko uwarka ba ta koya maka ba?"

Ɗan zango ko ya lalace ya san wannan. Baƙo in ya sauka, ba a tambayarsa me yake so, tulawa ake yi masa har ya ce ya isa, a ƙara.

Na ce, "Kuma kada wanda ya gaya mata. Ba a nuna wa amarya kayan gara tun suna kasuwa."

Munzali ya ce shi ba zai bar ƙanƙara ba ko za a rataye shi, abokansa biyu suka bi shi. Na ce su je, ko a cikin buhun gero ana samun tsakuwa. Sauran duk suka miƙa wuya, saboda wake. Da, nakan ajiye gishiri a gefe mai so ya ɗiba. Yanzu sai na riƙa zuba shi a tukunyar gaba ɗaya, in ban da na Osman da wasu biyu da Jemimah ta ce jininsu ya hau, su nakan ɗebe musu tukuna. Na yayyaga tsoffin zannuwan gado na raba musu rawani. Na shawo kan direba ya daina tsayawa sayen ƙanƙara. Bayan isha'i in zaga ɗakuna da sandata, duk inda na ga hasken waya in buga ƙofa. Sun zage ni a ɓoye, na ji. Amma ka je ka tambaya, a tarihin kamfanin nan ba a taɓa yin wanda ya juya mutum hamsin da murfin tukunya ba.

Zafin ya zo da ƙarfinsa. Jemimah tana zuwa kowace Alhamis. Bas ya dawo, samari su cusa rawunansu a jaka tun kafin su sauko don kada ta gani, su hau sikeli ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta. Sannan ta zo kujerarta. Nakan share wurin tun azahar, in yayyafa ruwa, in jawo tukwanen furanni masu ƙamshi kusa. Ta ba ni labarin Zonkwa, da gwaten da kakarta take yi da yakuwa, da 'yarta da ta bari wurin ƙanwarta tun tana rarrafe, yanzu har ta shiga makaranta, tana kiranta Anti a waya. Ranar da ta faɗi wannan ba ta ci abinci sosai ba. Ni kuma na ba ta labarin matata Habibatu, da yadda na ji rasuwarta ta bakin wani direban tanka bayan an yi sadakar bakwai. Ban taɓa gaya wa samarin nan ba. Su labarin guguwa ya dace da su.

Wata rana ta ce, "Baba, me ya hana ka komawa gida?"

Na ce, "In koma in bar wa wa garin? Ni na dasa shi."

"Da gaske nake."

"'Ya'yana sun girma a hoto. In na je baƙo za su yi, su rasa inda za su sa ni. Nan kuwa ko itatuwa sun san tarina."

Ta ce, "Ƙara mini shito." Yarinyar tana da hankali, ta san inda ake tsayawa.

Sau biyu na kusa gaya mata kyautar da nake haɗa mata. Ta ce, "Ina jin tsoron sakamakon nan, ka sani." Na ce, "Kwantar da hankalinki, kina da ni." Ta ɗauka maganar tsofaffi ce.

Da iska ta fara sanyi aka rufe awo. Ta yi makonni ba ta zo ba, tana haɗa lissafi. Na sayi sabuwar hula. Na gaya wa Osman ya shirya, za a kira sunana a makarantar Turawa.

Ta zo wata Alhamis tun bas bai dawo ba, da kwamfutarta a jaka. Tun daga ƙofa na ga tafiyarta ba ta masu albishir ba ce. Ta gaishe ni, ta zauna, ta buɗe kwamfutar a cinya, ta juyo mini da ita kamar zan iya karanta irin wannan.

"Ba mu ci ba, Baba."

"Wa ya ci?"

"Ba wanda ya ci. Ga lambar F ɗin nan, ko ɗaya ba ta kai ba. Kashin da dokokinka suka bayyana ɗan mitsitsi ne, ragowar kuwa tuli. Ko da a ce dokokin ba sa yin komai, sa'a kawai za ta iya ba da irin wannan kusan sau ɗaya cikin biyu. Mu kuwa ƙasa da sau biyar cikin ɗari ake nema. Ba zan iya yin watsi da zaton farko ba."

Na ce injin ya lalace, ta kai a duba.

"Injin lafiyarsa lau. Abin da ban gane ba shi ne amsoshin. Makon farko akwai mai yi akwai marar yi, yadda ake so. Daga mako na biyu kusan kowa ya ce e. Rawani e, gishiri e, barci e. Mutum uku ne kawai suke cewa a'a ga duka. Ko dai sun gaji ne suna danna abu ɗaya, ko wani ya ce su yi ƙarya."

Nan na gyara hula. Na ce, "Ba wanda ya yi ƙarya. Sun yi ne da gaske. Ni na sa su."

Ta ɗago kai.

"Kowa da kowa. Da kaina na zuba gishirin, da kaina na yaga zannuwan. Wata huɗu ina zagawa da sanda saboda ke. Kyautarki ke nan, 'yata."

Na jira. Injin ban ruwa yana ta bugawa a bayanmu. Ta rufe kwamfutar a hankali, ta ɗora tafin hannunta a kai.

Ta ce, "Baba, in an kawo maka sabon taki ka gwada, yaya kake yi?"

"In zuba wa layi ɗaya, in bar layi ɗaya."

"Don me kake barin ɗayan?"

"Don in ga..."

Ban ƙarasa ba. Shekara nawa ina yin haka da hannuna. Ko kafil ya ce a zuba wa duka, nakan ɓoye layi guda a baya, don na san in duka suka sha ba mai sanin ko takin ne ko ruwa ne ko ikon Allah. Ban taɓa kawo wa raina cewa mutum ma layi ba ne.

Na ce, "Ai ga su Munzali."

"Mutum uku ba za su tsaya wa hamsin ba. Su ma ɗin a inuwar gada aka ajiye su rabin lokacin, Osman ya gaya mini. Sauran kuma duk abu ɗaya suka yi, amma wani ya rasa ruwa da yawa wani kaɗan, saboda wani ƙato ne, wani a tsakiyar titi yake aiki. Duk wannan ya tafi cikin ragowar. Gwajin bambanci yake ci, Baba. Ka share masa bambancin."

"To a rubuta cewa dokokina ƙarya ne."

"A'a. Wannan ba zan rubuta ba, don ba haka ya ce ba. Bai ce ba sa aiki ba. Cewa ya yi bai ga shaida ba."

"Mene ne bambancin, in dai ba za ki dawo ba?"

Ban yi niyyar faɗin ƙarshen ba, shi ya fito da kansa. Ta ji kuma. Ta ce malaminta ya ce ta koma kan tsoffin bayanan asibiti, waɗanda ba mai iya zaga su da sanda. Ta so ta yi dariya a nan, ba ta fito ba. Ta ce gishirin ma da na tambaye ta, ba kowa ne ya kamata a ɗura wa ba. Na ce na ɗebe wa masu hawan jini. Ta ce, "Na gode da wannan." Na zuba mata abinci, ta ci kaɗan don kada in ji kunya. Da za ta tafi na ɗauko mata sikelinta. Ta ce in riƙe, nata ne ba na makaranta ba. Ta ce za ta riƙa leƙowa.

Ta leƙo sau ɗaya, wajen Kirsimeti, ta kawo mini cincin. Daga nan aka mayar da ita wani reshe can arewa da gari, hanyar ta yi nisa. Takan turo gaisuwa ta wayar Osman. Ban riƙe ta da komai ba. Na ɓata mata wata huɗu ba ta ɗaga mini murya ba, ka nemo mini wani ɗan boko mai wannan.

Amma ni ba a kayar da ni sau ɗaya a ce an gama. Duk sanyin nan ina tunani. Da zafin bana ya kawo kai, na ce to, yanzu na san dokar wasan. Zan bar layi. Tukunya biyu, ɗaya da gishiri ɗaya babu. Rabi su naɗa rawani rabi su bari. Direba ya sayo ƙanƙara, rabi su sha. In auna su da sikelin nan da kaina safe da yamma, Osman ya rubuta, in an gama in aika mata. Ta kai wa malamin nata, a ga ko F ɗin nan marar uba zai sake cewa bai gani ba. Daga nan kuma dole a bi su ɗaya bayan ɗaya, dole wani ya zo ya bi su.

Na aro tukunya ta biyu. Da asuba na dama koko na raba shi biyu, na ɗebe na su Osman, na sa gishiri a ta dama, na bar ta hagu. Samari suka fito suna hamma suka yi layi. Na ɗauki ludayi. Na farko a layin wani ɗan Tamale ne, Uwais, wanda matarsa ta haihu bai ga jaririn ba tukuna. Ya miƙo kofi. Na dube shi, na dubi tukunyar hagu. Na ce a raina to ba shi zai sha ta hagu ba, sai na bayansa. Na bayansa Umar Faruq ne, mai rama kamar sillen kara, shi aka ajiye a tsakiyar titi. Na bayansa kuma tsayinsa da faɗin kafaɗarsa sak na Mashud.

Shuka in ka bar ta a layin baya ta bushe, sai ka tuge ta ka dasa wata.

Osman ya ce, "Baba, yalla, bas na jira."

Na ɗebi gishiri na watsa a ta hagun ma, na juya. Na ce kowa ya jiƙa rawaninsa ina gani. Na ce wa direba in na ji ƙarar ƙanƙara a motarsa shi da wake sai a lahira. Munzali ya ce, "To me ya sa tukunya biyu?" Na ce ƙarfina ne ya ƙaru.

Saboda haka har yau ba a san ko miyata ta fi ruwan zafi ba, kuma ba za a sani ba muddin ni ke riƙe da ludayin. Kwamfutar Turawa da malaminta da F ɗinsu sun zo sun auna ni wata huɗu sun koma ba su ce na yi ƙarya ba. Ka nuna mini wani a Doha da zai faɗi haka.

Sikelin yana ƙofar ɗakina. Ina hawa da safe, in hau da yamma, in ga abin da rana ta ɗiba. Ba ta ɗibar abin kirki. Na san mutum ɗaya ba ya gwaduwa, an gaya mini. Ranar Alhamis dai nakan share wurin tun azahar, in yayyafa ruwa, don ƙura ba ta da kyau ga furanni. Kujerar kuma a nan na bar ta, ɗakin ba shi da wurin ajiye ta.